TSAKANIN BABA DA LIKITA: AMANAR MAI RAKIYA ASIBITI

 

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa Babban Asibitin Maamobi, ko na Ridge, ko Korle Bu, ya saba ganin dattijo zaune a kan benci da sandarsa da carbinsa, ɗansa ko 'yarsa na gefe riƙe da kati, sun baro gida tun bayan sallar asuba, wani lokaci ko karyawa ba su yi ba saboda za a ɗebi jini. Layin yana da tsawo domin marasa lafiya sun fi likitoci yawa nesa ba kusa ba, idan kuma aka kira su, zaman da za su yi a gaban likita bai wuce 'yan mintoci ba. A cikin waɗannan mintoci ne ake yanke abin da tsohon zai riƙa haɗiya wata ɗaya ko wata uku, kuma mafi yawan abin da likita zai gina hukuncinsa a kai daga bakin mai rakiya yake fitowa.

Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa mutanen Gana da suka kai shekara 60 zuwa sama sun kusa miliyan biyu. A zangunanmu na Nima da Maamobi da Sabon Zango da Fadama da Madina ba a saba kai tsoho gidan renon tsofaffi ba, a tsakar gida yake tsufa cikin 'ya'ya da jikoki. Wannan alheri ne babba, sai dai ya ɗora wa 'ya'ya wani aikin da babu makarantar da ta koya musu shi, wato tsayawa tsakanin mahaifi da likita. Na koyi wannan aiki ne ta hanyar kuskure.

ABIN DA YA SAME MU

Mahaifina yana fama da hawan jini shekaru da dama, kuma ni nake kai shi wani asibiti a nan Akara, inda ake ba shi ƙwayar amlodipine. Wata shekara ya tafi Yamai ɗaurin auren jikarsa, ciwon kai ya dame shi, ƙanena ya kai shi wurin likita a can, ya dawo da kwali mai rubutun Faransanci, an sa masa suna Amlor. Sai ya riƙa shan na Yamai da dare, na Akara da safe. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga, jiri yana ɗibarsa in ya taso daga sujada.

Ranar komawa asibiti likita ya tambaye shi da Turanci yaya jiki. Na juya na ce, "Baba, ya ce yaya jikin?" Ya ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Ni kuwa na gaya wa likita cewa lafiyarsa lau. Ya gwada jini ya ga ya sauka, ya yaba, ya sake rubuta maganin. Ba a yi mako biyu ba Baba ya faɗi a wurin alwala. Allah Ya kiyaye ƙugu bai karye ba. A wannan karon wata nas ta ce mu koma gida mu kwaso duk maganin da yake sha. Da ta jera su a kan tebur sai ta nuna mini ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin sunan Amlor. Ashe magani ɗaya ne, Baba yana shan ninki biyu. Likita bai yi laifi ba, domin abin da na faɗa masa shi ya yi aiki da shi. Baba ma bai yi laifi ba, ya amsa gaisuwa ne kamar yadda aka tarbiyyantar da shi. Ni da nake tsakani, ni na kasa.

"DA SAUƘI" GAISUWA CE

Bahaushe ko yana kan gargara aka ce masa yaya jiki, da sauƙi zai ce, kuma dattijo mai tawakkali yana ganin lissafa ciwo kamar ƙorafi ne ga Ubangiji. Likita kuwa labari yake nema. Saboda haka aikin mai rakiya daga gida yake farawa, a daren da gobe za a tafi. A zauna da tsohon cikin natsuwa a tambaye shi dalla-dalla: ina ne ke ciwo, yaushe ya fara, me ke tayar da shi, me ke kwantar da shi, yana barci, yana cin abinci, sau nawa yake tashi fitsari da dare, ya taɓa faɗuwa? A tambayi wanda yake kwana kusa da shi, domin sau da yawa Hajiya ko jika sun ga abin da shi ba zai faɗa ba. A rubuta a ƙaramin littafi guda wanda za a riƙa zuwa da shi kullum, a sa abubuwa biyu ko uku mafiya damuwa a sama, a fara da su da zarar an zauna. Wanda ya ajiye babbar magana sai an miƙe za a fita, ya makara.

Lissafi da aikin yau da kullum ya fi amfani ga likita. Maimakon a ce ba ya jin ƙarfi, a ce watan jiya yana takawa masallaci sau biyar, yanzu sai ya huta sau biyu kafin ya kai bakin lungu, kuma a zaune yake salla. Maimakon a ce ba ta cin abinci, a ce kwana goma ke nan ba ta wuce rabin kofin koko da ƙosai ɗaya da safe.

TAFINTA AMANA CE

Yawancin likitoci da nas-nas a Akara da Turanci da Twi ko Ga suke magana. Iyayenmu kuwa wani Hausa kawai yake ji, wani Zabarmanci, wani Kotokoli ko Moshi ko Fillanci, wani kuma Faransancin da ya taso da shi. Mai rakiya ke nan ya zama tafinta, kuma sharaɗin tafinta shi ne kada ya ƙara, kada ya rage, kada ya gyara. Idan likita ya yi jimla biyar, kada a taƙaita wa Mma da cewa, "Ya ce ki sha magani." Idan Mma ta yi dogon bayani, kada a ce wa likita tsufa ne kawai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A bar ta ta fara magana da bakinta, a fassara, sa'an nan mai rakiya ya ƙara da abin da shi ya lura da shi, ya kuma bambanta wa likita maganarta da tasa.

Akwai kalmominmu da ke ɓatar da likita in an juya su kai tsaye. Sanyi yana iya nufin ciwon gaɓoɓi, yana iya nufin mura, yana iya nufin ciwon mafitsara. Shawara a bakin wani idanu ne suka yi rawaya, a bakin wani ɗacin baki ne da kasala. Basir ya haɗa kumburin dubura da taurin bayan gida da zubar jini, alhali zubar jini a bayan gidan tsoho abu ne da likita yake son ya bincika da kyau. Ciwon zuciya ma yana iya zama baƙin ciki, yana iya zama nauyin ƙirji da ke zuwa in an hau bene. Saboda haka a bar sunan ciwo a gefe, a faɗi abin da ake gani da abin da ake ji. Kuma kada a ɗora wannan nauyi a kan jika ɗan makarantar firamare don kawai yana jin Turanci. In babu babba a gida, a tambaya ko akwai ma'aikaci mai jin Hausa a wurin.

LEDAR MAGANI DA TAKARDUN ƘASASHE BIYU

Tun daga faɗuwar Baba na ɗauki ƙa'ida ɗaya: duk abin da yake shiga bakinsa da sunan magani, a leda ɗaya yake zuwa asibiti, da kwalinsa. Na asibiti, da na kemis, da wanda 'yan'uwa suka aiko daga Jamus ko Amurka ko Saudiyya, da jiƙo, da garin magani, da habbatus sauda. Mutane da yawa suna ɓoye na gargajiya don tsoron faɗa, alhali ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Haka ma ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake saya a bakin titi: suna iya tayar da hawan jini, su ɓata ƙoda, su jawo zubar jini a cikin tsoho, kuma likita ba zai san ana shan su ba sai an faɗa. A ambaci gishiri da dunƙulen miya da kanwa da ake sa wa abinci, domin suna da hannu a hawan jini.

Gidajen da ke da ƙafa ɗaya a Gana ɗaya a Nijar ko Togo ko Benin ko Burkina Faso suna da ƙarin abin lura. Kowane magani yana da sunan asali da sunan kamfani. Glucophage shi ne metformin, Lasilix da Lasix duk furosemide ne, Doliprane da Efferalgan kuwa paracetamol ne. A koyi duba ƙaramin rubutun, ko a nuna wa mai ba da magani. Ma'auni ma ya bambanta. Likitan Yamai ko Lome yana iya cewa jini 14/9, na Akara ya ce 140/90, duk abu ɗaya ne. Gwajin suga a ƙasashen Faransanci giram ne a cikin lita, a Gana kuwa milimol ne: 1,26 a takardar can shi ne 7.0 a takardar nan. Wanda bai san haka ba zai ɗauka suga ya ninka sau biyar a kan hanya, ko ya ɗauka an warke.

Katin inshorar lafiya ma a duba shi tun kafin ranar. An kafa tsarin NHIS da dokar 2003, aka sabunta ta a 2012, kuma wanda ya kai shekara 70 ba ya biyan kuɗin shekara na inshorar, amma dole a yi masa rajista a riƙa sabunta katin, abin da ake iya yi ta waya da lambar *929#. Ba kowane magani ne inshorar ta ɗauka ba. Idan wanda aka rubuta ya fi ƙarfin aljihu, a faɗa wa likita tun a ɗaki ya duba ko akwai makwafinsa a jerin na inshora. Wannan ya fi a karɓi takarda a yi shiru, a je gida ana raba ƙwaya biyu ko ana tsallake kwana.

KAFIN A MIƘE

Matambayi ba ya ɓata. Da yawanmu muna jin nauyin likita kamar yadda muke jin nauyin malami, muna ganin tambaya rashin ladabi ce. To, mu sani Hukumar Lafiya ta Gana ta fitar da kundin haƙƙin majinyata a 2002, aka kuma shigar da shi cikin Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012. Kundin ya ba mara lafiya haƙƙin a yi masa cikakken bayanin ciwonsa da maganinsa da haɗarin da ke ciki, ya san wanda ke duba shi, ya nemi ra'ayin likita na biyu, a kuma rufa masa asiri. Ya kuma ɗora masa nauyin ba da labarin ciwonsa bisa gaskiya, da neman ƙarin bayani in bai gane ba.

Tambayoyin da bai kamata a fito ba a yi su ba kaɗan ne. Mene ne sunan ciwon, a rubuta mana? Wannan magani na mene ne, har yaushe za a sha, kafin abinci ko bayansa? Akwai wanda za a daina daga cikin na da? Wace alama ce in mun gani mu dawo ba tare da jiran ranarmu ba? Wannan gwaji ina ake yinsa, kuma wa za mu kawo wa sakamakon? Bayan an amsa, mai rakiya ya maimaita wa likita abin da ya fahimta da bakinsa, domin a nan ake kama kuskure. A takarda, od sau ɗaya ne a rana, bd sau biyu, tds sau uku, nocte kuwa da dare. Tun da lokutan salla a Akara ba sa gusawa sosai duk shekara, suna taimaka wa tsoho ya tuna: mai sau biyu da safe da magariba, mai sau uku da asuba da azahar da lokacin kwanciya. Amma a tabbatar da wannan tsari wurin mai ba da magani, musamman maganin suga da ke tafiya da abinci.

KUNYA DA SIRRI

Uba ba zai faɗi a gaban 'yarsa cewa fitsari yana kufce masa ba, uwa ba za ta faɗi a gaban ɗanta cewa ta ji ƙullutu a nono ko tana ganin jini bayan ta daɗe da daina al'ada ba. Waɗannan kuwa su ne alamun da jinkiri ya fi yi wa illa. Mai hankali yakan zaɓi mai rakiya gwargwadon ciwon, ko ya ce, "Baba, bari in ɗan fita, ku gana da likita," bayan ya samo wanda zai fassara. Ba laifi ba ne a nemi mace ta duba mace in akwai, in babu kuwa malamai sun yi bayani cewa lalurar jinya tana da hukuncinta.

Abu mafi nauyi shi ne ranar da sakamako ya zo da mummunan labari. Sau da yawa 'ya'ya sukan ja likita gefe su ce kada a gaya wa tsohon. Tausayi ne ke kawo haka, amma jikin nasa ne, kuma muddin yana cikin hankalinsa, shi ke da ikon yarda ko ƙin tiyata, shi ne ma zai ba likita izinin sanar da mu. Musulmi yana da bashin da zai so ya biya, da wasiyyar da zai so ya bari, da wanda zai so ya nemi gafararsa. Hanya mafi kyau ita ce a tambaye shi tun kafin sakamako ya fito: "Baba, in an gano wani abu, kuna son a gaya muku duka, ko a gaya mini in sanar da ku a hankali?" Abin da ya zaɓa shi za a bi.

AZUMI DA GAGGAWA

Tsofaffinmu ba sa son a ce su sha azumi, wasu ma sukan ɓoye wa likita cewa suna yi. Jagorar da Tarayyar Ciwon Suga ta Duniya, IDF, ta fitar tare da masana kan Ramadan a 2016, ta sabunta a 2021, ta ce mai ciwon suga ya ga likita mako shida zuwa takwas kafin azumi, wato tun cikin Rajab, domin a duba ko zai iya, a kuma gyara lokutan magani. Ta ce a karya azumi idan suga ya sauka ƙasa da 3.9 ko ya haura 16.6, wato 0,70 da 3,00 a ma'aunin Faransanci. Likitan da ba Musulmi ba ne yana bukatar a bayyana masa cewa azuminmu har ruwa ba a sha daga alfijir zuwa faɗuwar rana. In ya ce akwai haɗari, a kai maganar ga limamin da tsohon yake jin maganarsa, ya tuna masa rangwamen da ke cikin Suratul Baƙara ga mara lafiya da wanda ba ya iyawa.

Akwai kuma lokacin da ba a jiran ranar asibiti. Idan baki ya karkace, ko hannu da ƙafa na ɓari ɗaya suka saki, ko magana ta sarƙe, alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A lura da ƙarfe nawa abin ya fara, domin ita ce tambayar farko da likita zai yi, a kira 112 ko a nemi mota nan take, kada a ɗura masa ruwa ko koko ko rubutu, saboda haɗiya tana iya lalacewa abin ya tafi huhu. Korle Bu tana da sashe na musamman na wannan ciwo tun 2014. Haka nan tsohon da jiya yana cikin hankalinsa yau ya rikice, kada a ce rikicin tsufa ne ko iska. Ruɗewar kwana ɗaya ko biyu sau da yawa daga ciwon mafitsara take, ko na ƙirji, ko faɗuwar suga, ko ƙarancin ruwa a jiki, kuma tana jin magani. A yi addu'a a kan hanyar asibiti.

BAKI ƊAYA

Idan aka kwantar da dattijo, zango duka yakan zo dubiya, wannan ya tare nas, wancan ya tare likita, na Bronx da na Hamburg suna bugo waya kowa da shawararsa. Ma'aikata sukan gaji, labari kuma ya rarrabu. Iyali su naɗa mutum ɗaya mai magana da likitoci, da mataimaki in ya gaza, shi zai riƙe littafin, ya san lokacin da likitoci ke zagayen gado ya kasance a wurin, sa'an nan ya sanar da sauran. Na waje da ke aiko da kuɗi suna da haƙƙin a ba su labari na gaskiya, shi kuma mai kwana a asibiti yana da haƙƙin a karɓe shi ya huta, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar sallama kada a fita sai da takardar da ta nuna abin da aka yi, da jerin maganin da za a ci gaba da shi da wanda aka dakatar, da ranar dawowa. Gaisuwa da godiya ga nas da likita ba sa cin kuɗi, in kuma an ga abin da bai dace ba, a kai kuka ga shugabar sashen cikin ladabi.

Suratul Isra'i ta ambaci tsufan iyaye a gaban 'ya'yansu, ta yi umurni da tausasa harshe gare su. Muna yawan fassara wannan da ciyarwa da tufatarwa da biyan kuɗin asibiti, duk kuwa suna ciki. Isar da maganar mahaifi ga likita yadda ya faɗe ta, da dawo masa da amsar yadda aka ba da ita, shi ma yana cikin wannan biyayya. Yanzu idan muka shiga ɗakin likita, Baba yakan ce da sauƙi kamar kullum, in fassara gaisuwarsa a matsayin gaisuwa, sa'an nan in ajiye leda a kan tebur in buɗe littafi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu ikon rabuwa da iyayenmu lafiya.